Lasisi a Hannu, Aiki Sai da Gogewa: Halin da Sababbin Ma'aikatan Jinya Ke Ciki a Fagge da Sabon Gari

Ƙaramar Hukumar Fagge, wadda ta ƙunshi tsohuwar unguwar Fagge da Sabon Gari da Kwaciri da Rijiyar Lemo, tana daga cikin yankunan da suka fi cunkoso a birnin Kano, domin ko da yake ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kusan 200,000, masu wuni a cikinta sun zarce masu kwana nesa ba kusa ba, saboda Kantin Kwari da Kasuwar Singa da Kasuwar Sabon Gari da tashoshin manyan motocin da ke jigila zuwa kudancin ƙasar. A yankin ne Asibitin Zana yake, wato asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke kan titin Faransa, haka nan Asibitin Sheikh Muhammad Jidda da aka fi sani da Kuroda, kuma nan kusa akwai Asibitin Ido na ECWA da aka kafa a 1943, ban da ƙananan asibitocin kuɗi da gidajen karɓar haihuwa da ke warwatse a layukan Sabon Gari. Duk wanda ya dubi yawan waɗannan wurare, ya kuma ji koke-koken da ake yi kullum kan ƙarancin ma'aikatan lafiya, zai ɗauka cewa ma'aikacin jinya da ya karɓi lasisinsa ba zai yi mako bai sami aiki ba. Abin da ke faruwa akasin haka ne, domin sababbin ma'aikatan jinya, maza da mata, kan shafe watanni, wasu ma shekaru, suna yawo da takardunsu daga wannan ƙofa zuwa waccan, kusan ko'ina kuma tambayar guda ce: shekara nawa aka yi ana aiki, kuma a wane asibiti?

Ma'aikacin jinya mai lasisi, wanda jama'a ke kira nas, shi ne wanda Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozomanci ta Najeriya, wato NMCN, ta yi wa rajista bayan ya ci jarrabawarta, kuma dokar 1979 ce ta haɗe tsofaffin hukumomin jinya da na ungozomanci ta samar da wannan hukuma. Hanyoyin kaiwa ga lasisin biyu ne. Akwai ta kwalejojin koyon jinya, irin na gwamnatin jiha da ke Kano da Madobi, inda aka saba yin shekara uku, kodayake a 'yan shekarun nan ana mayar da karatun bisa tsarin ƙaramar difloma da babbar difloma; akwai kuma ta jami'a, kamar Jami'ar Bayero, inda ake yin shekara biyar a sami digiri. Jarrabawar hukumar tana da ɓangaren rubutu da ɓangaren gwajin aiki, inda ake sa ɗalibi ya nuna yadda zai auna majinyaci, ya ɗaura ƙarin ruwa ko ya wanke rauni a gaban masu duba shi. Ke nan a idon doka, wanda ya riƙe wannan lasisi ya cancanci a damƙa masa majinyaci.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa masu neman gogewa kafin su ɗauki ma'aikaci ba da wasa suke yi ba. Gogewa, a wannan fage, tana nufin abin da hannu da ido suke koya bayan an daɗe a gefen gado: gane cewa numfashin yaro ya sauya tun kafin na'ura ta nuna, samun jijiyar jaririn da gudawa ta busar, sanin lokacin da jinin mai jego ya wuce misali har ya zama dole a tashi likita ko da tsakar dare ne. Masaniyar aikin jinya 'yar Amurka Patricia Benner ta bayyana a 1984 cewa ma'aikacin jinya yakan bi matakai biyar daga ɗan koyo zuwa gwani, kuma yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku a fagen aiki iri ɗaya kafin ya kai matakin da zai iya tsara aikinsa da kansa cikin natsuwa. A Kano akwai ƙarin dalili, domin ɗalibai daga makarantu daban-daban kan yi cincirindo a 'yan manyan asibitocin da ake tura su koyon aiki, irin su Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma idan ɗalibai suka yi yawa a kan gado ɗaya, kallo yakan fi taɓawa yawa. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: wa ya kamata ya ɗauki nauyin waɗannan shekaru na farko? Amsar da tsarin da ake kai yanzu ya bayar, ba tare da kowa ya furta ta ba, ita ce sabon ma'aikacin da iyayensa, alhali su ne mafiya rauni a cikin dukan masu ruwa da tsaki.

Matsalar ta ƙara tsanani ne saboda an faɗaɗa ƙofar shiga makaranta ba tare da an faɗaɗa ƙofar shiga aiki ba. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate ta sanar da ƙara yawan ɗaliban jinya da ake ɗauka a shekara daga 28,000 zuwa 64,000, sannan zuwa 115,000 a 2025. A arewa kuwa, wani shirin ilmantar da mata a fannin lafiya da Birtaniya ta tallafa wa daga 2012 zuwa 2020 a jihohin Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe ya taimaka wajen sauya tunanin iyaye, har aikin jinya, wanda a da wasu gidaje ke ƙyamatarsa saboda aikin dare da cuɗanya, ya zama abin da ake rububin sa 'ya'ya mata a ciki. Jami'o'i da kwalejoji masu zaman kansu sun buɗe sassan jinya, wasu iyayen kuma sun tura 'ya'yansu Maraɗi da Sudan da Masar. Rububin ya kai har 'yan damfara suka shigo, abin da ya sa gwamnatin Kano ta rufe makarantun koyon aikin lafiya fiye da ashirin marasa izini a 2022. Wannan ƙaruwa ta ɗalibai abin farin ciki ce ga yankin da ya daɗe yana kukan rashin mata ma'aikatan lafiya, amma ba ta zo da ƙarin kuɗin albashi a kasafin kowace gwamnati daidai da girmanta ba.

Aikin gwamnati shi ne burin mafi yawansu, saboda albashin da ke kan tsari da fansho da damar ƙaro karatu, kuma a ƙa'ida matakin farko na aikin gwamnati ba ya buƙatar gogewa. Cikas ɗin yana wajen samun gurbin. Asibitin tarayya ba ya iya ɗaukar ma'aikata sai ya sami sahalewar hukumomin tarayya daban-daban, lamarin da kan ja watanni, ta yadda ma'aikaci kan yi ritaya ko ya bar ƙasar gurbinsa ya daɗe a buɗe. Binciken da wani kwamitin Majalisar Wakilai ya gudanar a 2023 kan cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya ya fito da abin da masu neman aiki suka daɗe suna faɗa a tsakaninsu, cewa takardar kama aiki ta zama haja. A matakin jiha, Hukumar Kula da Asibitoci da Hukumar Lafiya Matakin Farko kan ɗauki ma'aikata ne jefi-jefi, idan gwamnati ta ba da izini, kuma idan masu nema suka ninka guraben, sai a koma tace su da shekarun aiki ko da sanayya, mai uwa a gindin murhu ya wuce gaba.

A nan ne Sabon Gari take da nata ciwon na daban. Tun da aka kafa unguwar a wajejen 1913 domin baƙin da suka biyo jirgin ƙasa da kamfanonin Turawa, ta tara zuriyoyin Ibo da Yarbawa da mutanen Edo da na tsakiyar Najeriya waɗanda wasunsu kakanninsu ma a Kano aka haife su. 'Ya'yan waɗannan gidaje suna jin Hausa kamar kowane Bakano, kuma da yawansu sun karanci jinya, amma aikin jiha yana tafiya ne da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ba kasafai suke samu ba, a jihohin kakanninsu kuma ba a san su ba. Ƙofar da ta rage musu ita ce ta asibitocin kuɗi da na mishan. Ita kuma budurwar da ta tashi a Fagge, wadda ke da takardar asali amma ba ta da wanda zai tsaya mata, takan gamu da wani shingen, domin iyaye ko miji sukan yarda da aikin dare a asibitin gwamnati da aka san shi, su ƙi yarda da shi a ƙaramin asibitin da ke cikin lungu.

Asibitocin kuɗi na Sabon Gari da Fagge ƙanana ne a mafi yawan lokuta, masu gadaje kaɗan, waɗanda ke rayuwa da abin da majinyaci ya biya daga aljihunsa, ga kuɗin man janareta da na haya da na magani da suka yi tashin gwauron zabo tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Mai irin wannan asibiti ba shi da halin ajiye babbar nas da za ta zauna tana koyar da ƙarama, don haka yakan nemi wadda ta riga ta goge a wani wuri, wato yana son ya ci moriyar horon da wani ya biya. Idan bai samu ba, sai ya juya ga waɗanda ake kira okzilari, wato mataimakan da aka koya wa allura da ɗaura ruwa a bakin aiki ba tare da sun shiga makarantar da hukuma ta amince da ita ba, waɗanda NMCN ba ta ɗauke su a matsayin ma'aikatan jinya ba, amma suna karɓar albashi ƙanƙani kuma ba sa barin aiki don sun sami gurbin gwamnati. Idan kuwa aka ɗauki sabuwar nas, sau da yawa albashin bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 ba, kuma abin da ya fi wannan haɗari shi ne a bar ta ita kaɗai a aikin dare tun makon farko, da mai naƙuda a ɗaki ɗaya da yaro mai jijjiga a ɗaya, likita kuma yana gida sai an kira shi a waya. Irin wannan ba ya samar da gogewa ta gari. Yana koya wa mutum ɓoye kuskure da jin tsoron tambaya.

Saboda waɗannan dalilai ne aikin sa-kai ya zama hanyar da kusan kowa ke bi. A asali aikin sa-kai shi ne wanda mutum ke yi don Allah, da zaɓinsa, amma a bakin sababbin ma'aikatan jinya yana nufin zuwa asibiti kullum, a sa farin kaya, a shiga jadawalin safe da yamma da dare kamar kowane ma'aikaci, ba albashi, ko kuma da ɗan alawus da bai wuce kuɗin adaidaita sahu ba, bisa fatan idan gurbi ya fito a tuna da mutum. Wannan tsari yana da illoli da ba a cika yin maganarsu ba. Na farko, yana tace mutane ne da ƙarfin aljihun iyayensu, domin 'yar ɗan kasuwar Kwari za ta iya shekara biyu tana zuwa aiki a kyauta, amma 'yar ɗan dako ko marainiyar da dangi suka yi karo-karo suka biya mata kuɗin makaranta ba za ta iya wata uku ba, alhali ita ce gidansu ke jiran albashinta. Na biyu, mai aikin sa-kai sau da yawa ba ta da takardar kama aiki, ba ta da lambar ma'aikaci, ba ta da inshora idan allurar mai ciwon hanta ta soke ta, kuma idan aka yi kuskure ba a san wanda zai tsaya mata a gaban hukuma ba. Na uku, kuma mafi ciwo, shi ne cewa shekarun da ta yi ba lallai ne a rubuta su a ko'ina ba, ta yadda ranar da wata ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa ta yi tallar gurbi ta ce sai mai gogewar shekara biyu da shaida a rubuce, sai ta tarar ba ta da abin nunawa. Asibitin kuwa, da ya saba da samun hannu a kyauta, ƙarancin ma'aikatansa ba ya bayyana a fili, matsin lambar da zai sa a ɗauki ma'aikata kuma sai ya ragu.

Masu digiri suna da wata 'yar gada da aka gina musu, domin a 2016 Majalisar Ƙasa kan Tsarin Aikin Gwamnati ta amince da horon sanin makamar aiki na shekara guda, mai albashi, kafin su tafi yi wa ƙasa hidima. Matsalar ita ce guraben horon ba su kai yawan masu kammalawa ba, kuma har zuwa tsakiyar 2025 kowane asibiti shi ke tallata nasa ya zaɓi wanda ya ga dama, saɓanin na likitoci da aka mayar da rabonsa hannun hukumarsu ta ƙasa. Shi ya sa a yajin aikin gargaɗi da Ƙungiyar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Ƙasa ta shiga a ƙarshen watan Yulin 2025, tsara rabon guraben horon daga cibiya ɗaya da ɗaukar ma'aikatan jinya masu yawa suna cikin buƙatunta. Waɗanda suka fito daga kwalejoji bisa tsohon tsarin shekara uku, waɗanda su ne ƙashin bayan asibitocin jiha, ba su da irin wannan gada ko kaɗan.

Hijirar ma'aikata zuwa ƙasashen waje ta ƙara dagula lissafin. A watan Fabrairun 2024 NMCN ta fitar da sababbin sharuɗɗan tantance takardun masu son yin aiki a waje, ciki har da gogewar shekara biyu bayan samun lasisi, magatakardanta na lokacin Faruk Abubakar kuma ya bayyana cewa ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Ma'aikatan jinya sun yi zanga-zanga a Abuja da Legas, kuma hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ba daidai ba ne ƙasa ta gindaya wa mutum sharaɗin shekara biyu na aiki alhali ba ta ba shi aikin ba. Ga 'yan Kano, waɗanda da yawansu Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa suka fi kwanta musu a rai fiye da Ingila, sharaɗin ba sabo ba ne, tun da masu ɗaukar aiki a can ma kan nemi shaidar aikin shekara ɗaya ko biyu. Abin da ya fi muni ga masu tasowa shi ne waɗanda ke tafiya su ne gogaggun, masu ƙwarewa a ɗakin tiyata da sashen gaggawa da kula da jarirai bakwaini, wato ainihin mutanen da ya kamata su koyar da na baya.

Waɗanda suka gaji da jira sukan watsu. Wasu kan koma tsaron kemis, sana'ar da ita ma ta girgiza a Sabon Gari tun da hukumomi suka rufe shagunan magani fiye da dubu a watan Fabrairun 2024 domin tilasta wa dillalai komawa sabuwar cibiyar da ke Dangwauro a hanyar Zariya. Wasu kan bi gidaje suna yin allura da ƙarin ruwa ba tare da kulawar likita ba, wasu kan kama sayar da atamfa da turare ta waya, wasu kuma aure kan zo ya tarar da su ba su fara aiki ba, daga nan komawa fagen ta yi wuya, domin hannun da ya shekara uku bai taɓa majinyaci ba yakan manta, lasisin kuma sai an sabunta shi da kuɗi da halartar kwasa-kwasai.

Asarar ba ta tsaya kan ma'aikatan ba. Wani bincike da Linda Aiken da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa duk ƙarin majinyaci ɗaya a kan nas guda yana tafiya da ƙarin kashi 7 cikin ɗari na yiwuwar mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana talatin. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na matan da ke mutuwa a dalilin ciki da haihuwa a duniya a Najeriya suke, arewacin ƙasar kuma shi ke ɗauke da kaso mafi nauyi. Lokacin da cutar mashaƙo ta ɓarke a 2022 da 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma a irin wannan yanayi ne ake gane cewa gogaggen ma'aikaci ba a samar da shi cikin mako guda. Jihar da ke da matasa masu lasisi zaune a gida, ga kuma cibiyoyin lafiya a ƙauyukanta da ba su da nas ko ɗaya, tana yin asara ta fuska biyu.

Najeriya ta taɓa gwada maganin irin wannan matsala. A 2009 Hukumar Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa ta ƙaddamar da shirin tura ungozoma karkara, inda aka kai sababbin ungozoma da marasa aiki da waɗanda suka yi ritaya fiye da 2,000 zuwa cibiyoyi fiye da 600, hikimar kuma ita ce a haɗa sabon hannu da tsohon hannu a wuri ɗaya. Shirin ya yi rauni ne da jihohi da ƙananan hukumomi da dama suka kasa biyan kasonsu na alawus da masauki, wanda darasi ne cewa duk tsarin da ba a saka kuɗinsa a kasafi ba bai daɗewa. Afirka ta Kudu ta wajabta wa sababbin ma'aikatan jinya shekara guda ta hidima mai albashi a asibitocin gwamnati tun 2008, a Ingila kuma ana haɗa sabon ma'aikaci da gogaggen da zai riƙa bibiyar aikinsa a watanninsa na farko.

Kano tana da kayan aikin da za ta yi irin wannan da kanta. Jihar za ta iya ware shekara guda mai alawus ga duk wanda ya sami lasisi daga kwalejojinta, a raba shekarar tsakanin babban asibiti a birni da cibiya a karkara, a kuma dawo da waɗanda suka yi ritaya da ƙarfinsu su zama masu koyarwa. Hukumar Kula da Asibitoci Masu Zaman Kansu ta jihar, wato PHIMA, tana da ikon sanya yawan ma'aikatan jinya masu lasisi cikin sharuɗɗan sabunta izinin asibiti, haka ita ma hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha za ta iya ƙin tura masu cin gajiyarta asibitin da ya dogara da marasa lasisi, wanda hakan kaɗai zai buɗe guraben aiki a Sabon Gari da Fagge ba tare da gwamnati ta biya albashinsu ba. Kafin a kai ga waɗannan, akwai matakin da umarni ɗaya daga Ma'aikatar Lafiya ya isa ya tabbatar da shi: kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, da ya karɓi mai lasisi a matsayin ɗan sa-kai ya ba shi takarda mai ɗauke da ranar farawa, ya ƙayyade wa'adin da bai wuce shekara ba, ya naɗa masa gogaggen da zai kula da shi, ya kuma buɗe masa littafin da shugabar ma'aikatan jinya za ta riƙa sa hannu a kan ayyukan da ya iya, sannan hukumomin ɗaukar aiki na jiha su riƙa lissafa wannan littafi a matsayin gogewa ranar tantancewa.